Daga Kadawa zuwa Isolo: Yadda siyasar kasuwa ke taɓa tukunyar miyar Legas

Mafi yawan tumatir da tattasai da attarugun da ake kasawa a bakin titunan Isolo sun yi tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin su iso hannun mai saye. Daga fadamun Kadawa da Kura a Kano, ko Danja a Katsina, ake loda kwanduna a manyan motoci, su bi ta Kaduna da Jebba da Ilorin da Ibadan, su sauke a Kasuwar Mile 12 da ke Ƙaramar Hukumar Kosofe. Albasa kuwa tana fitowa ne daga Sakkwato da Aliero a Kebbi. Tun da asuba ƙananan ’yan kasuwa ke zuwa sari, su rarraba kayan zuwa Isolo da Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni.

Wannan hulɗa ta daɗe. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, kuma cinikin goro da shanu ne ya zaunar da Hausawa a Zangon Agege, inda har yau suke da sarkinsu. Mayankar Oko-Oba da ke ciyar da birnin da nama ita ma a Agege take. Sai dai duk da tsawon zaman, kasuwar da cin abincin dubban ’yan gwari ya rataya a kanta tana iya rufuwa da umarni guda.

A watan Maris na 2016, rikici ya ɓarke a yankin Mile 12 bayan wani hatsarin babur, aka rasa rayuka, aka ƙona gidaje da shaguna. Gwamna Akinwunmi Ambode ya rufe kasuwar, sai bayan kimanin makonni biyu aka buɗe ta, gwamnati kuma ta sanar da shirin mayar da ita Imota a yankin Ikorodu. A watan Oktoban 2023 aka sake garƙame ta na ’yan kwanaki, bisa zargin saɓa dokokin tsaftar muhalli. Asarar irin wannan rufewa ta fi faɗawa kan mai kayan gwari, domin mai shinkafa zai iya jira, shi kuwa tumatir kwana biyu a cikin mota ya ishe shi ruɓewa.

Su ma ’yan kasuwar Arewa sun taɓa gwada nasu ƙarfin. Bayan rikicin Kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta Najeriya ta dakatar da kai kaya Kudu, aka riƙa tare motoci a Jebba. Farashi ya yi tashin gwauron zabi a Legas, yayin da kaya suka yi kwantai a Arewa, manoma suka tafka asara. A ranar 3 ga Maris aka janye matakin bayan sulhun da Gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello, ya shiga tsakani.

A tsarin mulkin 1999, kafa kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da kula da su aikin ƙananan hukumomi ne. Legas na da ƙananan hukumomi 20 da tsarin mulki ya amince da su, sai yankunan raya ƙasa 37 da aka ƙirƙiro a zamanin Gwamna Bola Tinubu. Isolo na cikin waɗannan 37, an cire ta daga Oshodi-Isolo. A wannan mataki ake yanke kuɗin rumfa da tikitin kullum, a nan ne kuma mai tura baro ke sanin ko za a bar shi ya tsaya a bakin hanya. Ban da haka akwai shugabannin kasuwa na gargajiya, Iyaloja da Babaloja, waɗanda Folashade Tinubu-Ojo ke jagoranta a matakin jiha. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara wa waɗannan kujeru daraja.

Gwamnatin Babajide Sanwo-Olu ta ɗauki wani salon. A ƙarshen 2023 ta buɗe cibiyar sayar da ɗanyen abinci a Idi-Oro da ke Mushin, a 2024 kuma ta kawo kasuwannin Ounje Eko masu rangwamen kashi 25 cikin 100, don rage raɗaɗin tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai. Ta kuma fara gina babbar cibiyar adana abinci a Epe.

Ga mai saye, waɗannan matakai sauƙi ne. Ga ɗan gwari kuwa, abin dubawa shi ne wanda zai samu rumfa a sababbin wuraren da kuma sharuɗɗan samunta. Da yawa daga cikin masu wannan sana’a ’yan ci-rani ne da katin zaɓensu ke can gida, don haka ba su da ƙuri’a ranar zaɓen kansila. Waɗanda aka haifa a Agege da Idi-Araba suna da ita, kuma yawan fitowarsu zaɓe shi ne abin da shugaban ƙaramar hukuma zai auna kafin ya sa hannu a takardar tashin wata kasuwa.