Ƙuri'a a Matsayin Shaida: Nazari kan Sashe na 14 na Tsarin Mulkin 1999

Sashe na 14 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya danƙa iko a hannun jama'a, ya kuma wajabta a tabbatar da shigarsu harkar mulki. Wannan lafazi ne ke sa wasu ɗalibai ƙyamar zaɓe, suna ganin ya ci karo da hukuncin Allah. A ganina an cuɗanya abubuwa biyu ne mabambanta: ikon shar'antawa, wanda na Allah ne Shi kaɗai, da ikon naɗa shugaba da bibiyar ayyukansa, wanda malaman fiƙihu suka tabbatar wa al'umma ta hanyar shura da mubaya'a. Zaɓe yana cikin na biyun.

Shi ya sa malamai da dama na wannan zamani suka ɗauki ƙuri'a a matsayin shaida, alhali aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida. Duk da haka, a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin masu rajista fiye da miliyan 93, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Mai ƙaurace wa akwatin zaɓe don kishin Shari'a kuwa, ya kamata ya tuna cewa zaɓaɓɓun 'yan majalisa ne suka zartar da dokokinta a Zamfara a 1999.