Na'urar da ke buɗe rufin mota da dannawa ɗaya

Da wuya ka ga mota mai naɗe rufi a hanyar Bakura zuwa Talata Mafara. Ƙurar hunturu da zafin bazara sun hana ta farin jini. Amma masu irinta, kamar BMW Z4 ko Volkswagen Eos, suna saka mata wata 'yar na'ura, SmartTOP, ta kamfanin Mods4cars. Da ita rufin zai buɗe da dannawa ɗaya, ko daga rimot ɗin makulli, maimakon ka danne maɓalli har ya gama. Ta USB ake saita ta a kwamfuta.

Kafin ka yi oda, tabbatar ta dace da samfuri da shekarar motarka. Kada kuma ka miƙa wa kowane mai waya: in rufin ya maƙale a rabi ana tsakiyar damina, wataƙila sai Kano za ka samu mai gyara.