Igiyar Teku da Masu Hawanta

Yau hirarmu a kan teku take. Wani zai ce, ina ruwan mutumin Magarya ko Dungas da teku, abin da ke nesa da mu fiye da kilomita 1000? To, ku ƙirga samarin garinku da ke tafiya bida Ikko, Kwatano da Abijan bayan an gama girbi. Duk garuruwan nan a bakin teku suke. Da yawa cikin yaran nan sun iya iyo a tafkunan Wacha da Guci, suna zaton ruwa duk ɗaya ne.

Iska ce ke yin igiyar ruwa. Ku tuna gonar gero in iska ta bi ta kanta: za ku ga kamar abu yana gudu, amma kowane kara yana wurinsa. Haka teku take. Ruwan yana tashi yana sauka, ƙarfin iskar ne ke wucewa. Hadari yakan taso can nesa a kudancin tekun Atlantika, igiyarsa ta yi kwanaki tana tafe kafin ta iso Gana ko Nijeriya. In ta zo inda ba zurfi, ƙasa ta riƙe gindinta, kanta ya ci gaba da gudu, sai ta kife ta fashe da farin kumfa.

A daidai wurin fashewar nan wasu ke wasa. Mutum ya kwanta rub-da-ciki a kan wani dogon allo, kamar yadda masunta ke kwanciya a kan gora. Ya tuƙa da hannuwansa ya shiga ciki, ya jira. Da igiya ta ɗaga shi sai ya miƙe tsaye, ta kawo shi gaɓa. An fi sanin wasan da tsibiran Hawai, har ya shiga gasar Olamfik a Tokiyo a 2021. Amma ba baƙo ba ne a Afirka. Tun 1834 wani Baturen Birtaniya ya rubuta cewa ya ga yaran Ankara, babban birnin Gana na yau, suna hawan igiya da katako a ƙarƙashin cikinsu.

Ba ko'ina ake yinsa ba. A Gana akwai Busuwa, ƙaramin garin masunta yamma da Takoradi. Gaɓarsa rairayi ce, igiyar tana fashewa a hankali, shi ya sa masu koyo ke zuwa. A Ikko akwai Tarkwa Be, sai da kwale-kwale ake isa can, katangar duwatsun tashar jiragen ruwa tana rage masa ƙarfin teku. A Dakar ta Senegal kuwa akwai tsibirin Ngor. Can igiyar a kan duwatsu take fashewa, sai gwanaye. Wani fim na Amurka da ya fito a 1966 ya sa duniya ta san shi.

Teku ma tana da lokutanta. A gaɓar Gana, Togo, Benin da Nijeriya, igiya ta fi girma daga watan Mayu zuwa Satumba, wato lokacin daminarmu. Da hunturu takan ragu. Iskar nan mai ƙura da ke fasa mana leɓe, in ta isa bakin teku daga tudu take bugowa, sai ta gyara fuskar igiya ta yi sumul. Kuma sau biyu a kwana guda teku takan cika ta janye, wata ne ke jan ta. Wurin da ruwa ke a gwiwa da hantsi yana iya shanye mutum da la'asar.

Yanzu ku kasa kunne sosai, don nan ne rai ke salwanta. Ruwan da igiya ta turo gaɓa dole ya koma. Yakan haƙa wata siririyar hanya a cikin rairayi, ya bi ta da gudu zuwa tsakiyar teku kamar korama bayan ruwan sama. A ido wurin ya fi ko'ina kwanciya: ba kumfa, ruwan ya ɗan yi duhu. Baƙo yana gani sai ya ce ga inda ya dace da wanka. Masu allo sun san wannan hanya, da gangan suke binta ta fitar da su, amma su suna da abin da zai riƙe su a sama.

In ruwan nan ya kama ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman gaɓa kai tsaye. Ko gwanin iyo gajiya yake yi. Ka kwanta a kan ruwa, ka ɗaga hannu ka yi kira. Hanyar ba ta da faɗi, don haka ka yi iyo ta gefe, dama ko hagu, har ka ji ya sake ka, sannan ka nufi tudu. In kuma abokinka ne ya kama, kada ka faɗa bayansa hannu wofi. Ka jefa masa jarka a rufe ko wani abu mai tasowa, ka kira masunta.

Inda aka kafa jan tuta, an hana shiga ke nan. Wani allon gargaɗin da Faransanci yake, wani da Ingilishi, wata gaɓar kuma ba allo ba mai tsaro. A irin wannan wuri ka tambayi masuntan garin kafin ka cire riga. Wanda ya iya karatu a cikinku ya karanta wa masu shirin tafiya bana wannan shafi.