Injin niƙa: lokacin dawowar kuran ne dinamo ke ƙonewa

Duk matar da ke kai niƙa ko markaɗe a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ta san wannan hali: kwanuka sun yi layi, ana tsakiyar aiki, sai kuran ya ɗauke. Kowa ya yi tsaki, a koma inuwa ana hira. Can sai a ji yara suna ihu wuta ta dawo. To, wannan ɗan lokaci na dawowar wuta shi ya fi haɗari ga injin da mutanen da ke kusa da shi, kuma shi aka fi yi ma sakaci.

Masu injin ba za su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar ma Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da kamfanin NIGELEC ke rabawa a lokacin daga can yake zuwa. Sai a watan Maris na 2024 aka maido da ita. A tsawon waɗannan watanni an ga yadda ɗaukewa da dawowa ke wahalar da dinamo, wato na'urar da ke juya injin da ƙarfin lantarki.

Dalilin kuwa shi ne, sa'ad da dinamo ke tashi daga tsaye, yakan ja wuta ninki 5 zuwa 7 na abin da yake sha in ya kama gudu. Shi ya sa fitilun maƙwabta ke dusashewa in an tada injin. Idan cikin injin babu kaya, daƙiƙa kaɗan ne ya wuce wannan mataki. Amma idan wuta ta ɗauke da hatsi cike a bakinsa, aka bar makunni a kunne, in ta dawo dinamo zai yi ta gurnani yana neman juya duwatsun da suka cije, wayoyin tagullan cikinsa suna zafi. Abin da ya kamata shi ne da zarar wuta ta ɗauke a kashe makunni, a sassauta duwatsu, a kwashe abin da ya maƙale. In ta dawo a ɗan jira ta zauna, a tada injin babu kaya, sai ya kai cikakken gudu sannan a fara zuba hatsi sannu-sannu.

Ba dukiya kaɗai ake tsarewa ba. Injin da aka bari a kunne yana tashi da kansa ba sallama. Yaron da ya tura hannu yana kwasar gari, ko uwargida da ta sunkuya ɗaukar kwanonta gyalenta na lilo kusa da kuruwa, ba su da lokacin ja da baya. Kuruwar da ba ta da murfi ba ta san ɗan mai injin ba, ba ta san baƙo ba. Murfin nan maƙeri ko mai walda na unguwa zai yi shi a yini guda, amma a zagaya kasuwa a ƙirga injin nawa ke da shi.

Akwai wata cuta da ta fi wannan ɓoyuwa. Manyan dinamo suna aiki ne da waya uku masu wuta, volt 380, ba waya ɗaya ta volt 220 irin ta gida ba. Wani lokaci wuta kan dawo a waya biyu, ta uku babu. Fitilar shago na iya kamawa, mai injin ya ɗauka komi lafiya. Dinamon da ke tsaye ba zai tashi ba, sai gurnani. Wanda ke gudu kuwa zai ci gaba, amma yana cin kansa. Duk wanda ya ji gurnani ba juyi, ya kashe nan take, kada ya taimaka masa da hannu. Domin irin wannan ne ake sa na'urar da ke yanke wuta in ja ya yi yawa. Abin takaici, idan ta cika yankewa, wasu sai su cire ta, ko su ɗaura waya a madadin fis. Kuɗin da aka ƙi kashewa nan, mai naɗin waya ne zai karɓe shi ninki-ninki, ga kwanakin zaman banza, ga masu ƙosai da masu fura sun koma injin wani.

Zafi ne babban abokin gabar dinamo. Masana lantarki sun daɗe da ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 bisa abin da aka ƙera shi ya jure yana raba kwanan rufin wayoyinsa biyu. A ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, ba a wasa da wannan. Garin da ke tashi yana toshe tsagogin jikin dinamo da ragar fankar bayansa, sai ya zama kamar an lulluɓe shi da bargo. A share da buroshi kowace yamma bayan an kashe wuta, ban da ruwa. Kuruwa kada ta yi sako-sako har ta riƙa zamewa, kada kuma a ɗaure ta tamau ta cinye boris. Giris ma da ƙa'ida: in ya yi yawa zafi yake kawowa.

Masu markaɗen wake da tattasai su ne ke tsaye cikin jiƙa. Idan aka taɓa jikin injin aka ji ɗan ja, ba abin dariya ba ne, wuta ce ke zuba a ƙarfe. A tsaida aiki, a kira mai gyaran wuta ya duba ko akwai wayar ƙasa da ke haɗe da sandar da aka binne. Kuma a ajiye bokitin rairayi kusa da ƙofa, saboda gobarar lantarki ba a watsa mata ruwa. A fara yanke wuta daga kanta, sannan a zuba rairayi.