Gigin Tsufa: Asarar Da Ba Ta Shiga Littafin Ciniki A Kudancin Kaduna

KAFANCAN: A Fadan Kagoma, hedkwatar masarautar Gwong da ke Ƙaramar Hukumar Jama'a ta Jihar Kaduna, kamar a sauran garuruwan da ke noman citta a wannan yanki, yawancin harkokin dukiya ba a takarda suke ba. Iyakar gona, buhunan busasshiyar citta da aka ba dillali bashi, zubin adashi, da sunan wanda aka ba aron fili shekaru 30 da suka wuce, duk a kan maigida suke ko a kan uwargida. Muddin ƙwaƙwalwarsu na nan garau, wannan tsari yana tafiya ba tare da ya ci ko kwabo ba. Ranar da ta fara raurawa kuwa, gidan ya yi asarar littafin ajiyarsa tun mai shi yana raye.

Abin da Hausawa ke kira gigin tsufa, likitoci suna ɗaukarsa cuta ce ta ƙwaƙwalwa, ba tsufa kawai ba. Takan fara da mantuwar abin da ya faru ɗazu, sannan lissafi ya gagara, mutum ya ɓata a hanyar da ya saba bi, daga bisani ya kasa gane 'ya'yan cikinsa. Nau'in da ya fi yawa shi ne cutar Alzheimer, sai wanda ke biyo bayan lalacewar jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa, wanda hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke jawowa.

Bincike biyu da aka yi a maƙwabtan wannan yanki sun ba da hasken yadda lamarin yake. A Zariya, likitoci sun duba dattawa 322 a gidajensu, suka sami kashi 2.79 cikin 100 na ɗauke da cutar, kamar yadda suka wallafa a 2011. Kashi biyu cikin uku na waɗanda aka samu ɗin cutar Alzheimer ce. A Jos kuma, wani bincike da aka wallafa a 2006 kan mutum 280 masu shekaru 65 zuwa sama ya sami kashi 6.4 cikin 100, kuma mata sun fi maza kamuwa. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu tana da faɗi, kuma wani ɓangare nata ya samo asali ne daga bambancin ma'aunin da kowane ya yi amfani da shi. Amma idan aka ɗora su a kan gari irin Fadan Kagoma, ma'anarsu ita ce cikin kowaɗanne dattawa 1,000, tsakanin 28 zuwa 64 ne abin zai shafa, kuma kowane ɗayansu yana da gidan da zai ɗauki nauyinsa.

Shin cutar ƙaruwa take yi ko raguwa? Amsar ta rabu gida biyu, kuma a nan ne masu karanta alƙaluma da yawa ke yin kuskure.

A ƙasashe masu arziki, haɗarin kamuwa ga mutum mai wasu shekaru ya ragu. A Ingila, wani babban bincike da aka wallafa a 2013 ya sami kashi 6.5 cikin 100 na masu shekaru 65 zuwa sama da cutar, alhali da ma'aunin shekaru 20 da suka gabata ya ɗore, da kashi 8.3 aka samu. Masana sun danganta wannan da yaɗuwar ilmi, raguwar shan taba, da shan maganin hawan jini.

Nijeriya tana da nata ma'aunin, domin tun 1992 masana na Jami'ar Ibadan, ƙarƙashin marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun, suka haɗa hannu da takwarorinsu na Jami'ar Indiyana ta Amurka, suna kwatanta Yarbawan Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indiyanafolis da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon farko a 1995 ya nuna kashi 2.29 cikin 100 a Ibadan, kashi 8.24 a Indiyanafolis. An daɗe ana ambaton wannan sakamako da alfahari. Sai dai rahoton da suka fitar a 2016 ya rage armashin labarin: da aka kwatanta dattawan da aka fara bi a 1992 da waɗanda aka fara bi a 2001, sabbin kamuwa sun ragu sosai a Indiyanafolis, amma a Ibadan ba a ga wani sauyi na a-zo-a-gani ba.

To, idan haɗarin bai motsa ba, yawan mutane ya motsa. Ƙidayar 1991 ta sami 'yan Nijeriya kusan miliyan 89, ta 2006 ta sami miliyan 140, kuma yawan dattawa yana bin yawan jama'a ne. Wani nazari da aka wallafa a 2019, wanda ya tattara binciken da aka yi a sassan ƙasar, ya ƙiyasta cewa masu cutar daga shekaru 60 zuwa sama sun tashi daga kimanin 63,500 a 1995 zuwa kimanin 318,000 a 2015, watau ninki biyar cikin shekaru 20. Ya kamata a riƙe wannan adadi da hannu biyu-biyu, domin yawancin binciken da aka tattara daga kudu maso yamma suka fito. Duk da haka alkiblar ba ta da shakka, kuma ta yi daidai da hasashen da mujallar Lancet ta buga a 2022, cewa masu cutar a duniya za su tashi daga miliyan 57 a 2019 zuwa miliyan 153 a 2050.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar ta ci wa duniya dalar Amurka miliyan dubu 1,300 a 2019, kuma kusan rabin wannan kuɗi ba a asibiti aka kashe shi ba, ƙimar wahalar 'yan uwa ce masu jinya a gida. Mata ne ke ɗaukar kashi 70 cikin 100 na lokacin jinyar. A Turai, gwamnati da kamfanonin inshora suna ɗaukar babban kaso. A Kagoma kuwa, kusan dukkan nauyin a kan gida yake sauka, kuma ba ya fitowa a kasafin kuɗin kowa.

Alal misali, a ɗauki gidan da uwa ta fara fita da dare ba ta san inda za ta ba. Dole wani ya zauna da ita. Yawanci 'ya ce ko suruka, wadda a da take kai kaya kasuwar Kafancan ko take cikin masu tsaga citta lokacin girbi. Hannu ɗaya ya fita daga gona, ciniki ɗaya ya tsaya, ɗan da ke aiki a Abuja ko Kaduna ya fara aiko da kuɗin da a da jari ne. Wannan yana zuwa ne a yankin da annobar ruɓewar citta ta 2023 ta cinye gonaki masu yawa, ta bar manoma da dama ba su da ko irin shuka.

Asarar da ta fi ciwo ita ce wadda ke faruwa kafin kowa ya farga. Gazawar lissafi tana cikin alamomin farko, tun mutum yana gaisawa lafiya, yana zuwa kasuwa da ƙafarsa. A wannan tsakanin ne dattijo kan biya bashi sau biyu, ya manta wanda yake bi, ya sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, ko ya karanta wa ɗan damfara lambar sirrin katinsa ta waya. Kotu tana iya soke cinikin da aka ƙulla da wanda hankalinsa ya gushe, amma sai an kawo hujja, kuma shari'ar fili ba ta da arha. Kafancan, wadda ta zama mahaɗar jiragen ƙasa tun 1927, tana da tsofaffin ma'aikatan reluwe, ga malaman makaranta da sojoji masu ritaya a ƙauyukan kewaye. Ga irin waɗannan, mantuwa a ranar tantance 'yan fansho kaɗai ta isa ta tsayar da abincin gida.

Daɗin daɗawa, akwai kuɗin da ake zubarwa a inda ba magani. A wurare da dama ana fassara surutan tsohuwa da yawonta na dare da maita ko sammu, sai a kashe dukiya wajen neman karya abin da ba shi ne ba, ita kuma a bar ta da ƙyama. Alhali wasu ruɗewar ma suna warkewa, kamar wadda zazzaɓi, ciwon damuwa ko ƙarancin wasu sinadaran abinci ke kawowa, kuma likita ne kaɗai zai bambance su. Asibitin Tarayya na Masu Larurar Ƙwaƙwalwa da ke Barnawa, Kaduna, da asibitocin koyarwa na Zariya da Jos suna da ƙwararru a wannan fanni.

Ta fuskar hukuma, an sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, aka naɗa mata shugabanni a 2021. An ƙaddamar da tsarin fansho na masu ƙananan sana'o'i a 2019, amma manomin citta da ya haura 70 a yau wannan tsari bai riske shi ba.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da cutar Alzheimer. Sai dai kwamitin masana na Lancet ya bayyana a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na kamuwa yana da nasaba da abubuwa 14 da za a iya magancewa, ciki har da hawan jini, ciwon sukari, raunin ji da na gani, shan taba da barasa, ƙarancin ilmi, kaɗaici, da buguwar kai, wadda duk mai hawa acaɓa ba hular kwano yake sayen ta da kuɗinsa. Awon jini a ɗakin shan magani na gari bai kai kuɗin mudun citta ba.

Ga 'yan kasuwa masu hulɗa da manoman yankin, da 'ya'yan da ke komawa gida a ƙarshen shekara daidai lokacin girbin citta, aikin da ke gabansu ƙarami ne: a rubuta bashi da shaidu, a zaga iyakar gona tare da dattijo da maƙwabta a sa a takarda, a ƙara sa hannun amintaccen ɗa a asusun banki, a yi wasiyya. Duk waɗannan suna da ƙarfi a gaban alƙali ne idan an yi su tun mai dukiyar yana iya faɗin abin da ya mallaka da bakinsa.