Tsakanin Mai Duba Mota da Bakanike

Duk mai mota a Najeriya ya san takardar nan da ake sabuntawa kowace shekara, wadda ke shaida cewa motar lafiyarta ƙalau, ta cancanci hawa titi. Sai dai wa ya duba motar kafin a buga hatimin? Sau da yawa, ba kowa. Ka ba wani yaro kuɗi da tsofaffin takardu, ya dawo maka da sababbi, motar kuwa tana ƙofar gida, birkinta sai an taka sau biyu yake kamawa.

Dubawar sai ta koma bakin titi, cikin rana da cunkoso, inda jami'i zai zagaya mota har sai ya samo abin kamawa. Wannan ya daɗe yana ci wa direbobi tuwo a ƙwarya. A 2017 gwamnatin Legas ta janye jami'an duba mota, wato VIO, daga tituna, ta karkata ga cibiyoyin duba mota da na'ura. A watan Oktoban 2024 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa VIO ba ta da hurumin tare mota, ko kama ta, ko cin tarar mai ita. Direbobi sun yi murna, amma hukuncin kotu ba ya gyara birki.

Can gareji ne ainihin kukan yake. Mai mota bai san abin da ke cikin injin ba, bakanike ya sani, kuma ya san ba ka sani ba. Ka kai ta don wata 'yar ƙara, sai ka ji an ce, "Alhaji, ai ƙafar gaba duk ta tafi." Ya karɓi kuɗin sabon kaya, ya sa na hannu, ko ya ce na Baljiyam ne, alhali jabu ne da aka wanke da fetur. Shi zai je kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo, shi zai faɗi farashi, shi zai ɗaura. Ban ce duka haka suke ba. Akwai masu tsoron Allah da za su miƙo maka tsohon ƙarfen da suka cire ba ka tambaya ba, kuma irinsu ba sa rasa layin motoci. Amma tsarin da ya dogara kacokan ga tsoron Allahn mutum ɗaya, kura ce aka ba ajiyar nama.

Ko Ingila ba ta tsira ba. Gwajin lafiyar mota da ake kira MOT ya soma tun 1960, kuma motar da ta cika shekara 3 dole a gwada ta duk shekara, a kan kuɗin da bai wuce fam 54.85 ba. Sau da yawa garejin da ke gwajin shi ne kuma mai gyara, don haka duk laifin da ya gano ciniki ne ya samu. Shi ya sa wasu ke neman cibiyoyin ƙananan hukumomi waɗanda ba sa gyara. A Jamus an raba hannu: ma'aikacin cibiyar duba mota irin su TÜV ko Dekra ne ke dubawa duk shekara 2, ba shi da ko sisi a kuɗin gyaran. A ganina nan maganar take.

Jihar Texas ta Amurka kuwa wata hanya ta bi. Daga 1 ga Janairun 2025 ta soke duba lafiyar motocin da ba na haya ko kasuwanci ba, bayan an daɗe ana ƙorafin ɓata lokaci. Amma dala 7.50 ɗin da jihar ke karɓa tana nan, an sauya mata suna kawai, ana biya lokacin sabunta rajista.