Turanci da Aikin Jarida: Ko Mu Hana Yara Hausa a Gida?

Kowace shekara idan muka tambayi 'yan ajin ƙarshe aikin da suke so su yi bayan makaranta, ba ma rasa biyu ko uku da za su ce aikin jarida. Bara wata yarinya ce ta fi kowa ɗoki. Mahaifinta ya zo har makaranta, muka gaisa, ya ce, "Malam, yarinyar nan Turancinta bai nuna ba, ga shi kuwa a gida Hausa muke yi. Ko mu hana ta Hausa ne gaba ɗaya?"

Damuwarsa tana da dalili. Jami'a ba ta karɓar ɗalibi a sashen koyon aikin jarida sai ya ci Turanci da kyau a jarrabawar gama sakandare, manyan jaridun ƙasar nan kuma da Turanci ake buga su. Duk da haka muka ce masa kada ya hana ta. Muka ba shi labarin wani mutum, shi ne kuma muke so mu ba sauran iyaye.

Sunansa Joseph Pulitzer. An haife shi a ƙasar Hangari a 1847, ya tashi da Hangariyanci da Jamusanci da Faransanci. A 1864, yana ɗan shekara 17, ya sauka Amurka domin shiga soja a yaƙin basasar ƙasar, Turanci kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Rundunar sojan doki da aka sa shi a ciki yawancinta Jamusawa ne, saboda haka har yaƙi ya ƙare a 1865 bai ƙaru da yawa ba. Ya tafi birnin St. Louis, inda Jamusawa suke da yawa. Ya yi kiwon alfadarai, ya yi aikin kai wa mutane abinci a gidan cin abinci, duk abin da ya samu dai. Amma da ya tashi daga aiki sai ya nufi wani babban ɗakin karatu na birnin, ya zauna da littattafai yana koyon Turanci da shari'a.

A nan ne muke so iyaye su lura. Aikin jarida na fari da ya samu a 1868 ba na Turanci ba ne. Jaridar Jamusanci ce mai suna Westliche Post ta ɗauke shi neman labari. A cikin harshen da ya riga ya iya ya koyi sana'ar: zuwa wurin da abu ya faru, yin tambaya ba jin kunya, rubuta sunan mutum daidai, kawo labari kafin lokacin bugawa ya wuce. Turanci yana biye a hankali. Shekara goma bayan haka, a 1878, ya sayi jaridar Turanci wadda ta zama St. Louis Post-Dispatch, a 1883 kuma ya sayi New York World. Ba mu ce mutumin ba shi da laifi ba. A gasar da ya yi da wani mai jarida, William Randolph Hearst, jaridarsa ta riƙa zuzuta labari fiye da kima domin a saya. Amma da dukiyar da ya bari bayan rasuwarsa a 1911 aka buɗe makarantar koyon aikin jarida a Jami'ar Columbia a 1912, aka kuma fara ba da kyautar Pulitzer a 1917. Har yau 'yan jaridar Amurka suna marmarin wannan kyauta.

A gida ma muna da misali. Malam Abubakar Imam ya koyi Turanci a Kwalejin Katsina, amma da Hausa ya yi suna, sa'ad da ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939. Turancin bai tafi a banza ba, gama a 1943 yana cikin editocin Afirka ta Yamma da suka ziyarci Ingila, tare da Nnamdi Azikiwe.

To, wane irin Turanci ɗan jarida yake bukata? Yaranmu sukan zaci manyan kalmomi ne. Sukan haddace su daga ƙamus, su jera su a takarda, mai karatu ya gama bai san wa ya yi me ba. Abin da edita yake nema shi ne jimla gajeriya wadda ta faɗi abin da ya faru, da wurin, da lokacin, da wanda abin ya shafa. Sa'an nan a san nauyin kowace kalma. Da Hausa yaro ya san "ana zarginsa da sata" daban yake da "an same shi da laifin sata". Dole ya san wannan bambanci da Turanci haka nan, domin kalma ɗaya in ta kauce, an ɓata sunan mutum, jarida kuma tana iya samun kanta gaban alƙali. Rikita harafin p da f da Bahaushe yakan yi wajen furuci ƙaramin abu ne, yau da gobe yana gyara shi.

Abin da muka shawarci mahaifin nan ba ya cin kuɗi da yawa. Idan iyali sun saurari labaran Hausa a rediyo da dare, yarinyar ta ɗauki labari ɗaya ta rubuta shi da Turanci, layi biyar ko shida. Kashegari ta nemi yadda jaridar Turanci ta ba da labarin nan, ta gwada da nata, ta ga inda ta yi tuntuɓe. Ta riƙa karanta wa mahaifiyarta shafi ɗaya da ƙarfi, sa'an nan ta bayyana mata da Hausa. In ta kasa bayyanawa, ba ta gane ba ke nan, sai ta koma. Mu kuma muka ɗora mata aikin kawo labari ɗaya kowace Litinin daga unguwarsu, na abin da ta gani da idonta.

Labarinta na fari a kan taron zumuntar mata ne, jan biro ya kusa rufe takardar. Na makon jiya a kan famfon unguwarsu ne da ya lalace. Ta je ta tambayi mai unguwa, ta tambayi matan da suke layin ruwa, ta ƙidaya kwanakin da famfon ya yi a tsaye. Kuskure huɗu muka samu, biyu a ciki na rubutun suna ne. Mun mayar mata ta je ta sake tambayar masu sunan yadda suke rubuta shi.